Yadda ake tantance gangamin baunti na kirifto kafin a zuba masa lokaci

Baunti a harkar kirifto aiki ne da sabon kamfani ko masu sabon tokin (kuɗin kirifto da suka ƙirƙira) ke rabawa jama'a, ya biya su lada: tallata shi a X ko Telegram, rubuta maƙala, haɗa bidiyo, fassara takardar bayanin aikin zuwa wani harshe, sanya tambarinsa a ƙasan rubutunka a dandalin tattaunawa na Bitcointalk, ko gano kuskure a cikin manhajarsa. Abin ya yi ƙarfi a 2017 da 2018, lokacin da kowa ke sayar da sabon tokin ta hanyar ICO, wato sayarwar farko ga jama'a don tara jari. Yau yawancinsa ya koma shafukan ayyuka irin su Zealy da Galxe da Layer3, amma tsarin bai canza ba: kai ne ke fara yin aiki, biya yana zuwa daga baya, idan ya zo.

Tunda ba kuɗi kake zubawa ba, sai a ɗauka babu asara. Akwai. Kana zuba lokaci, da asusunka na sada zumunta, da sunanka, wani lokacin har da takardun shaidarka. Saboda haka zaɓen gangami ba ya farawa daga kyawun shafin kamfanin ko girman adadin da aka rubuta a sanarwa. Yana farawa ne daga ƙarshe, wato ranar biya, sannan a dawo baya.

Mataki na farko: da me za a biya ka?

Biya iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Na farko shi ne a biya da bitcoin ko da kuɗin da aka ɗaure da dala, kamar USDT da USDC. Nan ka san abin da kake yi wa aiki tun ranar farko. Na biyu shi ne tokin da ya riga ya shiga kasuwa, ana cinikinsa, kana iya ganin farashinsa a CoinGecko ko CoinMarketCap. Farashin zai iya faɗuwa kafin a biya ka, amma aƙalla akwai shi. Na uku shi ne tokin da bai fito ba tukuna, wanda kamfanin da kansa ya yanka wa farashi. Wannan cinikin biri ne a sama. Idan sanarwa ta ce ladan "ya kai darajar dala 250,000" alhali tokin ba ya kowace kasuwa, babu wanda ya taɓa biyan wannan dalar. Lamba ce kawai da aka ninka.

Ba a ce kada a taɓa shiga iri na uku ba, ai yawancin gangamin da ke akwai irinsa ne. Abin da ake cewa shi ne kada ya cinye mafi yawan lokacinka, kuma duk lissafin da za ka yi a kansa ka yi shi da farashin da ya gaza na sanarwa nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: a hannun wa ladan yake?

Yawancin gangami yana da manaja, mutum ko ƙungiya da kamfanin ya ɗauka don karɓar rajista, duba rahoto da ƙirga maki. Tambayar da za ka nemi amsarta ita ce: an miƙa ladan ga wani amintacce da zai riƙe shi har ranar rabo, ko yana nan a hannun kamfanin? Manaja mai gaskiya yakan faɗa a fili. Idan an ajiye, zai ba da adireshin walat ɗin, wato asusun kirifton da ladan ke ciki. Ka kwafi adireshin ka saka a Etherscan, ko BscScan, ko Solscan, shafukan duba bulokcen (kundin da ake rubuta duk hada-hadar kirifto), gwargwadon wanda ake kai, ka ga ko kuɗin na nan da gaske kuma ya kai abin da aka yi alkawari. Idan manajan ya rubuta cewa shi ba shi da alhakin biya, kamfani ne zai raba da kansa, ya gaya maka gaskiya, kuma ya gaya maka cewa ranar da aka ƙi biya babu wanda za ka kama.

A lura da wani abu: ajiyar tokin da bai da kasuwa ba ta kare ka daga komai sai ƙin rabo. Za a ba ka tokin ɗinka cif, ya zama ba shi da mai saye.

Sannan ka bibiyi tarihin manajan. Nemi gangami uku ko huɗu da ya kammala a baya, ka buɗe jadawalin mahalarta, wanda galibi Google Sheets ne, ka ɗauki adireshi biyar daga wurare daban-daban na jadawalin, ka duba su a bulokcen. Tokin ya shiga? Adadin ya yi daidai da na jadawali? Kwana nawa tsakanin rufe gangami da biya? Wannan aikin minti ashirin ne, kuma ya fi duk wata shaidar baki da za ka karanta a rukunin Telegram, domin yabon da ke cikin rukuni ana iya sayensa, amma abin da ya shiga bulokcen ba a goge shi.

Mataki na uku: lissafa rabonka da kanka

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa, don haka za mu daɗe a kai.

Gangami kaɗan ne ke biyan tsayayyen lada, misali dala kaza a kowace maƙala da aka karɓa. Mafi yawa suna amfani da tsarin maki. Ana ware jimillar tokin, a raba shi zuwa sassa, kowane mahalarci yana tara maki duk mako, a ƙarshe a raba tokin sashen bisa yawan makin kowa. Ma'ana ladanka shi ne makinka, a raba da jimillar makin kowa da kowa, a ninka da tokin sashen. Duk wanda ya shigo bayanka yana rage maka rabo.

Ga misali da lambobin da aka ƙirƙira don koyo. An ware tokin miliyan 5, kamfanin ya ce kowane ɗaya dala 0.05 ne, jimilla dala 250,000. Sashen X ya samu kashi 20 cikin ɗari, wato tokin miliyan 1. Gangamin mako 8 ne, kuma asusu mai yawan mabiya irin naka yana samun maki 2 a mako, wato 16 gaba ɗaya. Ka buɗe jadawali ka tarar da mutum 3,000, mu ce kowa na samun maki 2 a mako. Jimillar maki 48,000. Rabonka 16 cikin 48,000 na miliyan 1, wato tokin 333. A farashin sanarwa, kusan dala 17. Idan tokin ya buɗe a kashi ɗaya cikin biyar na wannan farashi, dala 3 da 'yan kai. Aikin kuwa, idan minti 20 ne a kullum tsawon kwana 56, ya kusa awa 19. Ba a cire kuɗin gas na karɓa da na sayarwa ba, wato kuɗin da ake biya kan kowace hada-hada a bulokcen.

Yanzu duba sashen fassara a wannan gangamin dai. An ba shi kashi 10 cikin ɗari, tokin 500,000, kuma mafassari ɗaya ake ɗauka a kowane harshe. Idan harsuna 25 ne, kowa zai tashi da kusan tokin 20,000, wato dala 1,000 a farashin sanarwa, dala 200 a wancan faɗaɗɗen farashin. Kamfani ɗaya, tokin ɗaya, amma bambancin ya ninka sau 60, kuma dalilinsa ɗaya ne: a wani sashen an ƙayyade yawan mutane, a wani an bar ƙofa a buɗe.

Don haka abubuwa uku za ka nema a sanarwa kafin komai. Shin an sa iyaka ga yawan mahalarta? Shin jadawalin a buɗe yake kowa na gani? Shin aikin yana buƙatar gwanintar da ba kowa ke da ita ba? Aikin da kowa zai iya da danna maɓalli biyu, na'urorin bogi ma za su iya, kuma mutum ɗaya zai shigo da asusu hamsin. Wasan Telegram na Hamster Kombat ba baunti ba ne a tsohuwar ma'ana, amma ya nuna wannan lissafin ƙarara: masu shi sun ce 'yan wasan sun kai miliyan 300, da aka yi rabo a Satumban 2024 kuwa mutane da yawa da suka shafe watanni suna danna waya sun tashi da 'yan daloli kaɗan.

Idan gangamin sabo ne kuma jadawalin bai cika ba, kada ka yi lissafi da adadin yau. Duba yawan da suka shiga gangamin manajan na baya, ka yi amfani da wannan.

Mataki na huɗu: idan an biya ka, za ka iya sayarwa?

Tokin da ke walat ɗinka ba kuɗi ba ne sai akwai wanda zai karɓa ya ba ka wani abu. Idan tokin yana babbar kasuwar musaya, duba yawan cinikin da ake yi a rana. Idan a kasuwannin da ba su da mai tsaron ƙofa yake, irin su Uniswap da PancakeSwap, buɗe DexScreener ka saka adireshin kwantiragin tokin (manhajar da ke tafiyar da shi a bulokcen), ka duba yawan kuɗin da ke cikin rumbun musayarsa, wato ajiyar da ake biyan mai sayarwa daga ciki. Adireshin za ka saka, ba suna ba, domin kowa na iya ƙirƙirar tokin mai suna iri ɗaya.

Ga abin da ya sa girman rumbun ke da muhimmanci. A rumbu na asali irin na Uniswap, ɓangare biyu ne masu daraja ɗaya. Rumbun dala 20,000 yana nufin tokin na dala 10,000 da kuɗi na dala 10,000. Ka sayar da tokin na dala 1,000, abin da zai fito kusan dala 909 ne, kafin a cire kuɗin ciniki. Idan masu baunti suka taru suka sayar da na dala 10,000, dala 5,000 kawai za su raba, farashin kuma ya koma rubu'in yadda yake. To ka kwatanta wannan rumbun da ladan dala 250,000 da aka yi alkawari. Ko da kamfanin ya cika alkawari ɗari bisa ɗari, kuɗin da za a fitar ba su nan. Ka'ida mai sauƙi: idan jimillar ladan ta fi kuɗin da ke rumbu, farashin da kake gani ba naka ba ne, na mutum goman farko ne da suka riga kowa sayarwa.

Daga nan sai kwantiragin kansa. A Etherscan ko BscScan, shafin Contract zai nuna ko an bayyana lambar manhajar ga jama'a. Wanda ba a bayyana ba, a bar shi. Shafin Holders zai nuna yadda tokin ya rarrabu. Idan walat biyu ko uku, waɗanda ba na kasuwar musaya ba kuma ba na kulle ba, suna riƙe da fiye da rabi, farashin yana hannunsu. Kayan bincike irin su Token Sniffer da Honeypot.is suna nuna ko mai kwantiragin na iya ƙirƙiro ƙarin tokin, ko hana wani adireshi sayarwa, ko ɗora haraji mai nauyi a kan sayarwa. Ba komai suke kamawa ba, amma abin da suka kama ya isa dalilin tafiya. Tokin Squid na 2021 shi ne sanannen misali: farashinsa ya haura dala 2,800, masu saye suka tarar ba sa iya sayarwa, a farkon Nuwamba masu shi suka kwashe kuɗin rumbun ya koma kusan sifili cikin mintuna. A DexScreener irin wannan tarkon yana da alama: jerin ciniki duk saye ne, sayarwa babu, ko kuma adireshi ɗaya ko biyu ne kawai ke sayarwa.

Ka kuma duba ko an kulle kuɗin rumbun yadda masu shi ba za su iya kwashe su ba, da ranar da kullen zai ƙare. Kullen da zai buɗe kafin ranar rabon baunti bai amfane ka da komai ba.

Mataki na biyar: su waye, kuma me suka gina?

Sunaye da hotuna a shafi ba hujja ba ne. Centra Tech ta tara sama da dala miliyan 25 a 2017 da shugaban kamfani na ƙarya wanda babu shi a duniya, da iƙirarin haɗin gwiwa da Visa da Mastercard wanda bai taɓa faruwa ba. Don haka ka saka hotunan ma'aikatan a binciken hoto na Google, ka ga ko suna fitowa da wasu sunaye. Ka nemi bidiyon da mutumin ya yi magana kai tsaye yana amsa tambaya. Duk haɗin gwiwar da aka ambata, ka nemi tabbacinsa daga ɗaya ɓangaren, a shafinsu na hukuma. Haka rahoton binciken tsaro: idan an ce kamfanin binciken tsaro na CertiK ya duba, ka je shafin CertiK ka nema, kuma ka tabbatar adireshin kwantiragin da aka duba shi ne wanda za a biya ka da shi.

Binciken WHOIS zai nuna ranar da aka yi rajistar adireshin shafin. Kamfanin da ke cewa ya shekara uku yana aiki amma shafinsa wata biyu ne, akwai tambaya. Shafinsu na GitHub, inda ake ajiye lambar manhaja, zai nuna ko ana rubuta manhaja ko kwafe ta wani aka yi aka canza suna. Ka ɗauki jimla biyu daga takardar bayanin aikin ka saka a Google cikin alamar zance, satar rubutu takan fito nan take. Rukunin Telegram mai mutum 80,000 da babu mai tambayar komai sai "yaushe za a biya" yana nufin masu baunti ne kawai a ciki, babu masu saye. Kuma idan babu masu saye, wa za ka sayar wa?

Ɓoye suna shi kaɗai ba laifi ba ne a wannan harka, wanda ya ƙirƙiro bitcoin ma ba a san shi ba. Amma wanda ya ɓoye suna dole ya nuna aiki. Babu suna, babu manhaja mai aiki, babu ajiyar lada: wannan ba ya buƙatar dogon tunani.

Mataki na shida: karanta ƙa'idojin har ƙasa

Sharuɗɗan da ke hana mutum ladansa a ƙasan sanarwa suke. Nemi waɗannan musamman. Sharaɗin cewa za a biya ne kawai idan an tara wani adadi na kuɗi, ko cewa ladan kaso ne na abin da aka sayar, wanda ke nufin idan ba a sayar ba babu lada. Sharaɗin kulle, inda za a saki tokin ɗinka kaɗan-kaɗan cikin wata shida ko shekara, alhali masu zuba jari na farko suna sayarwa. Ikon tsawaita gangami ba tare da ƙara lada ba: mako 8 ya zama 16, rabon kowane mako ya ragu da rabi. Ranar ƙarshe ta miƙa rahoton mako, wadda galibi da agogon UTC ake ƙirga ta, kuma makara na iya share makin makon duka. Sai tantance shaida, wato KYC: idan za a nema, dole a faɗa tun farko. Fito da shi bayan an gama aiki tsohuwar dabara ce ta rage yawan waɗanda za a biya. Ka kuma duba jerin ƙasashen da aka hana shiga kafin ka fara, ba bayan ka gama ba.

Kusan kowace sanarwa tana cewa kamfani na da ikon canza ƙa'idoji. Ka ɗauki hoton sanarwar ranar da ka shiga, ko ka adana ta a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, don kada a gyara a ce haka take tun asali.

Mataki na bakwai: abin da ba a bayarwa ko nawa ne ladan

Kalmomin sirrin walat, 12 ko 24, babu gangamin gaskiya da ke neman su, ko a fom, ko a wurin "ma'aikacin taimako" da ya fara turo maka saƙo. Biyan kuɗi don a saki ladanka, ko da an kira shi kuɗin rajista ko na tabbatarwa, damfara ce. Kuɗin gas na gaskiya bulokcen ake biya daga cikin walat ɗinka, ba a tura wa mutum.

Ka buɗe walat na daban don baunti kawai, mai kalmomin sirrinsa daban, ka bar kuɗin gas kaɗan a ciki. Dalili shi ne shafin karɓar lada na bogi ba ya buƙatar kalmominka. Izini yake nema ka sa wa hannu, wanda ke ba kwantiraginsa damar kwashe tokin ɗinka, wani lokacin ma ba tare da ka biya gas ba, don haka ba ka jin an yi wani abu. Karanta abin da walat ya nuna kafin ka amince. Idan ka zo karɓa ne amma ana neman izinin kashe USDT ɗinka, rufe shafin. Lokaci zuwa lokaci ka shiga Revoke.cash ka soke tsofaffin izini. Kada ka ba da adireshin ajiya na kasuwar musaya don karɓar tokin da kasuwar ba ta ɗauka ba, yana iya maƙalewa a can. Kada ka sauke fayil ko manhajar da aka ce "gwaji" ce a kwamfutar da walat ɗinka yake.

Game da KYC, ka auna: hoton fasfo da fuskarka a hannun mutanen da ba ka sani ba, a kan ladan dala 5, ciniki ne marar kyau ko da sun biya.

Mataki na takwas: zaɓi wanda ya dace da abin da ka iya

Bayan gangami ya tsallake duk wannan, saura tambayar ko naka ne. Mai iya rubutu ko fassara ko bidiyo ya nufi sassan da ake tantance inganci, ko shafuka irin su Superteam Earn inda ake yawan biya da USDC, sai dai can gasa ce, 'yan kaɗan ne ke cin lada. Gangamin tambari a Bitcointalk masu biya da bitcoin duk mako suna cikin mafi tabbas, amma galibi suna neman asusu mai babban matsayi, kuma tun da aka kawo tsarin Merit, makin yabo da wasu masu amfani ke ba rubutunka, a Janairun 2018 ba a hawa matsayi da yawan rubutu kawai. Mai ilimin manhaja kuwa, farautar kurakuran tsaro wata duniya ce daban: a 2022 kamfanin kirifto na Wormhole ya biya dala miliyan 10 kan kuskure ɗaya ta hanyar Immunefi, shafin ladan gano kurakurai. A can abin dubawa shi ne iyakar abin da aka yarda a bincika da yadda aka rarraba girman kuskure, domin rahoton da ya fita daga iyaka ba a biyansa.

Ka tuna kuma talla kake yi. Idan tokin ya zama damfara, mabiyanka sunanka suka gani. A Nuwamban 2018 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, SEC, ta ci tarar ɗan dambe Floyd Mayweather da mawaƙi DJ Khaled saboda sun tallata Centra Tech ba tare da bayyana cewa biyansu aka yi ba. Kai ma ka bayyana cewa rubutun na lada ne, kuma kada ka yi wa kowa alkawarin riba. Shafukan sada zumunta ma suna rufe asusun da ke maimaita saƙo iri ɗaya, don haka gangami goma a asusu ɗaya hanya ce ta rasa asusun. Biyu ko uku a lokaci guda sun isa, aƙalla ɗaya ya zama mai biya da kuɗi tsayayye.

Bayan ka shiga

Tantancewa ba ta ƙarewa ranar rajista. Ka buɗe jadawalinka: sunan gangami, ranar farawa da ƙarewa, adireshin da ka bayar, mahaɗin kowane aiki, makin kowane mako, da mintunan da ka kashe. Duk mako ka sake lissafin mataki na uku da sabon adadin mahalarta. Idan an daina sabunta jadawalin manaja mako biyu a jere, ko aka fara goge tambayoyin biya a rukuni, ko aka tsawaita gangami karo na biyu, ko kuɗin ajiyar ya motsa daga adireshin da aka nuna, ka tsaya. Kafin ka fita, duba ko ƙa'ida ta ce mai fita yana rasa makin da ya tara. Idan haka ne kuma saura mako ɗaya, ƙarasawa na iya fin sauƙi. Idan saura wata biyu, makin da ka tara bai kai a ƙara masa wata biyu ba.

Ranar da aka biya, rubuta abin da tokin ya zama a dala bayan an cire gas, ka raba da awannin da ka kashe, ka ajiye lambar kusa da sunan manajan. Da ita za ka auna gangaminsa na gaba.